Muhawara: Jagoran murya a waya zai yi amfani a dajin Yankari kuwa?

Malam Jogurafi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san Yankari. Muna shirin kai ɗalibanmu na aji biyar a watan Fabrairu, lokacin da ciyawa ta bushe, dabbobi suka gangaro kogin Gaji neman ruwa. Damuwata ɗaya ce. In yara suka cika mota, na gaba ne kaɗai ke jin abin da jagora yake faɗa, na baya kuwa surutunsu ya ishe su. Shi ne na yi tunanin jagoran murya, irin wanda ake yi a gidajen tarihi da gandayen dajin ƙasashen waje: a naɗi bayani, a zuba a waya, kowa ya sa iyafis ya saurara. Me zai hana mu naɗi namu da Hausa? Minti uku kan yadda aka keɓe dajin a 1956 aka buɗe shi ga jama'a a 1962, minti uku kan ruwan ɗumi na Wikki da ke cikin dajin, haka kan giwa, ɓauna, gwanki da sauransu. Wanda ya taɓa amfani da irin wannan ya ba mu haske.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam Malam. Wato mutum ya taso tun daga Kano, ya ƙona mai, ya biya kuɗin shiga, sannan ya je ya toshe kunnuwansa? Ai gara ya yi zamansa a gida ya kunna rediyo. Gani ya kori ji.

Ɗan Bauchi a Amurka: Baban Ummi kenan, ba ka raina abin tsokana. Ni na yi amfani da shi a gandun Yellowstone, kuma gaskiya ya burge ni. Ba iyafis muka sa ba, da sifikar mota muka haɗa wayar. Kana tuƙi shiru, da ka iso wani wuri sai murya ta fara da kanta, ta ce ga abin da ke hannun damanka, ga dalilin da ya sa ruwa ke tafasa yana fitowa daga ƙasa, ga inda za ka ajiye mota. Ta gaya mana an kafa gandun a 1872, kuma doka ta hana kusantar ɓaunar can ƙasa da yadi 25, kyarkeci kuwa yadi 100. Yarana sun riƙe wannan fiye da duk abin da aka rubuta a allunan bakin hanya.

Amma akwai inda ya ba mu dariya. Mun iso wani kwari, murya ta dage tana cewa mu duba garken ɓauna, mu kuwa ko ɗaya ba mu gani ba, sai ciyawa. Can gaba da ɓaunar suka tare hanya muka tsaya cak, ita kuma tana ba mu labarin duwatsu.

Baban Ummi: To ka gani! Ka kawo min hujja da bakinka.

Injiniya: Hujjar rabi ce. Abin da ya nuna shi ne murya ta san wuri, ba ta san abin da ke tsaye a wurin yau ba. Kuma ba abin mamaki ba ne in ka duba asalinsa. An fara wannan dabara ne a gidan tarihin Stedelijk na birnin Amsterdam a 1952, ana watsa bayani ta gajeren zangon rediyo, baƙi suna yawo da 'yar na'ura a hannu. Zane a jikin bango yana nan inda aka rataye shi, ko yau ko baɗi. Giwa kuwa ba ta yi wa kowa alkawari ba.

Ta ɓangaren fasaha dai Malam, babu wuya. Mutane na ɗauka sai da sabis, alhali GPS daga tauraron ɗan'adam yake karɓa, ba ya buƙatar data ko layi. Abin da ake buƙata shi ne a sauke komai tun a gari. Muryar mutum in an matse ta daidai, minti ɗaya bai wuce rabin megabait ba, awa guda cur ba ta kai megabait 30 ba. Waya ɗaya ta samu, sauran su karɓa ta Xender ko Bluetooth. Akwai manhajoji irin su izi.TRAVEL da VoiceMap da ke ba mutum damar ɗora muryarsa a kan taswira, ya ce in an iso nan ki fara magana. Matsalar da na hango batir ce. GPS na shan caji, rana kuma in ta doki waya sai ta yi zafi ta fara nauyi. Sai da fawa banki.

Tsohon Ɗan Gandu: Salamu alaikum. Jikana ne yake karanta min abin da kuke rubutawa, shi ne kuma yake buga wannan, in kun ga kuskure nasa ne. Na ci shekaruna a aikin gandun daji, har gwiwa ta ce ya isa.

Malam, niyyarka mai kyau ce, Allah ya saka. Amma ina roƙonka, in mota ta bar sansani ta nufi bakin Gaji, kada ka bar yaro ko ɗaya da abu a kunne. Mu da muka yi aikin, abin da muke ji ya fi abin da muke gani yawa. Kafin ka ga ɓauna za ka ji carki, tsuntsun nan mai baki rawaya da jan tsini da ke cin kaska a bayanta, yana tashi yana tsaki. Zabin daji in suka fashe da kuka gaba ɗaya, akwai abin da suka gani. Gwaggon biri yana da haushi iri biyu, na faɗa tsakaninsu da na gargaɗi, kuma wanda ya saba yana rarrabewa tun daga nesa. Giwa da duk girmanta tana iya tsayawa a bayan marke taku ashirin daga gare ka ba ka gan ta ba, don kalarta ta saje da inuwa. Abin da ke tona ta shi ne ƙarar reshe in ta karya, da wani gurnani mai zurfi da za ka ji kamar a ƙirjinka yake. Shi ya sa za ka ga jagora ya buga jikin mota a kashe inji, ya ɗaga hannu a yi shiru. Wannan shirun aiki ne, kada a cika shi da bayani.

Sannan akwai abin da sai an durƙusa. In muka tarar da kashin giwa, mukan kara bayan hannu mu ji ko da sauran ɗumi. Mu fasa shi da sanda mu ga abin da ta ci, ko ƙwallon giginya ne, ko ɓawon itace. In buzuzu ya riga ya fara mirgina shi, an ɗan jima. Sawunta kuma in bakinsa na nan da kaifi, iska ba ta share ba, tururuwa ba ta ratsa ta kai ba, to ba ta yi nisa ba. Sai mu ɗebi ƙura mu saki mu ga inda iska ta nufa, don hancinta ya fi idonta aiki. Ku gaya min, wace murya ce da aka naɗa watanni uku da suka wuce za ta ce wa yaro durƙusa ka taɓa?

Maman Khalil: Allah ya ƙara lafiya Baba. Wallahi wannan bayanin da ka yi shi ne ya kamata a naɗa.

Injiniya: Abin da nake shirin faɗa kenan Hajiya. Baba ya kawo hujjar ƙin abin, amma a cikin hujjar ya ba mu darasi na farko.

Tsohon Ɗan Gandu: A'a ɗana, kada ka juya min magana. Ban ce kada a naɗa ba. Na ce kada a saurara a inda ya kamata a yi shiru. A ji tun a makaranta, ko a hanya, yaro ya shigo daji ya riga ya san me zai kasa kunne ya ji.

Maman Khalil: Ni dai bari in kawo wani ɓangare da ba a taɓo ba. Ina da ƙane makaho, malamin Islamiyya ne. Duk fitar da muke yi ta iyali shi yake fara cewa ku je kawai, me zan gani. A irin waɗannan wurare bayani yawanci a allo yake, da Turanci. Mahaifiyarmu ma allon bai amfane ta da komai ba, ba ta yi boko ba, amma ku zo ku ji ta tana warware muku siyasar duniya, don ba ta rabuwa da rediyo. Mu mutanen sauraro ne. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana, har yau ana ji a rugage da kasuwanni. Yanzu ma ku duba wayoyinku, saƙon murya ya fi rubutu yawa.

Ga wanda ba ya gani, in aka ce masa ruwan Wikki daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, garai-garai har kana hango yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, sannan ya tsoma ƙafarsa ya ji da kansa, ai ya samu rabonsa. Jagora ɗaya da mutum ashirin ba zai iya tsayawa ya siffanta masa kowane abu ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Baban Ummi: Wannan kam na sallama Hajiya. Amma ɗaliban Malam idonsu garau, kuma na san yaran yanzu. Ka ba su izinin sa iyafis, wallahi waƙa za su ji, suna gyaɗa maka kai kamar suna fahimtar tarihin dajin.

Malam Jogurafi: Wannan ma abin dubawa ne, ban musa ba.

Ɗan Dosso: Gaisuwa daga Yamai. Ni tsorona daban ne, batun abincin mutane. Nan wurinmu a Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, akwai raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma, waɗanda ba su saura a daji ko'ina ba sai Nijar. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage. Yanzu sun haura 600, har an kwashi takwas a 2018 an kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Ba shinge aka yi musu ba, cikin gonakin mutane suke yawo, suna cin wake da ganyen itatuwa. Abin da ya sa manomi ya haƙura da su, har da cewa ɗan ƙauyensu ne jagoran da ke hawa mota ya nemo su, kuɗin da baƙo ya biya kuma wani abu na komawa gari. Tun harin watan Agustan 2020, wanda aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, baƙi suka ja baya, jagororin suka sha wuya ƙwarai. To in baƙo ya dawo ya ce yana da jagora a waya, me ya rage musu?

Injiniya: Yayana, a Kure wayar ba za ta nemo maka raƙumin dawa ba, kai ma ka faɗa yawo suke. A Yankari ma ba a shiga zagayen daji sai da ma'aikaci. Ba kamar Kruger ta Afirka ta Kudu ba ce, inda kake tuƙa motarka kai kaɗai a kan kwalta, dokar kawai kada ka fito kuma kada ka wuce kilomita 50 a awa. Can ne jagoran murya yake maye gurbin mutum, don dama babu mutumin.

Ɗan Dosso: Yau haka ne. Gobe wani mai lissafi a ofis zai ce tunda bayani na waya, a rage ma'aikata, a bar direba da mai bindiga. Na ga yadda irin wannan ke farawa.

Ɗan Bauchi a Amurka: Amma fa a Yellowstone ma'aikata na nan birjik, suna jawabi ga baƙi, duk da manhajojin.

Ɗan Dosso: Kasafin kuɗinsu da namu ɗaya ne?

Anti Mai Tsuntsaye: Ku bar ni in shigo da nawa kafin a yi nisa. Kowa giwa yake nema a Yankari, alhali akwai tsuntsaye sama da iri 350, wasu daga Turai suke zuwa cin rani. Tsuntsu kuwa sau da yawa muryarsa za ka fara ji kafin ka gan shi. A nan naɗaɗɗen sauti yana da amfani sosai, in an yi shi a aji. Malam ka kunna musu kukan burtu, wannan gum-gum ɗin da yake yi da asuba, da na cilakowa, da na zabo, har su haddace. In sun je can suka ji da kansu, za ka ga yadda fuskarsu za ta canza.

Abin da nake roƙo, kada wanda ya kunna kukan tsuntsu da sifika a cikin daji. Namijin yana ɗauka kishiya ce ta shigo masa yanki, sai ya bar ci, ya bar sheƙa, ya yi ta kai-komo yana neman abokin faɗan da babu shi. A gandaye da yawa an hana. Akwai kuma manhajar Merlin ta jami'ar Cornell, wadda ke sauraro ta gaya maka sunan tsuntsu. Ita shiru take aikinta, ba ta damun kowa, sai dai ta fi ƙwarewa a tsuntsayen Amurka da Turai, kada a ɗauki duk abin da ta faɗa a nan a matsayin yankan shakku.

Baban Ummi: Anti, namiji da kishiya kuma? Duniya ta zo ƙarshe.

Admin: Baban Ummi a tsaya kan magana don Allah.

Ɗan Alkaleri: Ina ta karantawa ban ce komai ba. Ni ɗan yankin ne, gonarmu ba ta da nisa da iyakar gandun. Tambayata ita ce, wa zai rubuta abin da muryar za ta faɗa? Don in daga intanet za a kwaso a fassara, na san abin da za a ji: faɗin daji murabba'in kilomita 2,244, ya zama na tarayya a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006, giwaye tsakanin 100 zuwa 150. Duk gaskiya ne. Amma ba za a ji cewa giwayen nan in damina ta yi nisa suna fitowa ba, a dare ɗaya su tattake masarar da mutum ya yi wata uku yana wahala a kanta. Ba za a ji yadda ake kwana a gona da ganga da tocila ba. Yaron birni zai koma gida yana cewa mutanen ƙauye mugaye ne ba sa son dabbobi. Muna son su mana, amma a faɗi duka.

Sannan kogwannin nan 59 da ake kira na Marshall, don wani mai bincike P.J. Marshall ya kai rahotonsu a 1980. Shi ya sassaƙa su? Mutane ne suka fafe dutse suka zauna a ciki, ana kyautata zaton don ɓuya daga masu farautar bayi. Rijiyoyin Dukkey sama da 130, da aka haƙa aka haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa, da matoyar ƙarfe ta Shau Shau, duk aikin mutanen da suka rayu a nan ne kafin a ce gandu. Akwai dattawa a ƙasar Duguri da Pali da Gwana da suka gaji labarai daga kakanninsu. In za a naɗi murya, a je a same su tun suna raye.

Malam Jogurafi: Wallahi ɗan'uwa ka taɓo inda ban yi tunani ba. Kuma ka ga waɗannan wuraren su ne ba sa motsi. Kogo yana nan, rijiya tana nan. A nan ne murya za ta yi daidai da abin da ido ke kallo.

Tsohon Ɗan Gandu: Ɗan Alkaleri ya yi gaskiya, Allah ya yi maka albarka. Ƙari ɗaya zan yi. Duk abin da kuka naɗa, ku sani ba ɗalibai kaɗai za su ji ba. Abin da ya shiga waya ɗaya ya shiga dubu. Kada a ce garke kaza a wuri kaza yake shan ruwa da ƙarfe kaza. Kada a nuna a taswira inda zaki ke kwana, ga su dama 'yan kaɗan suka rage, a duk Najeriya sai nan da Kainji. Masu neman haure su ma suna da waya. An sa wa wasu giwayen abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, kuma ba a banza ba ne ba a baza wannan bayanin a kasuwa.

Injiniya: Wannan sharaɗi ne mai kyau Baba. Amma Malam, in an hana iyafis a zagaye, an hana taswirar dabbobi, me ya rage na jagoran murya? Ya koma darasin rediyo kenan.

Malam Jogurafi: Ya rage da yawa Injiniya. Daga Dindima inda ake barin titin Gombe zuwa ƙofar Mainamaji tafiya ce. Daga ƙofa zuwa sansanin Wikki kuma sama da kilomita 40, a cikin daji, ba gudu ake yi ba. Yawanci a nan yara ke barci ko su ishe ka da mun kusa? mun kusa? To a nan zan kunna, da sifika ɗaya ta mota, kowa ya ji tare, in an yi tambaya in tsayar. Itatuwan da suke wucewa ta taga, marke da taura da kawo da maɗaci, a gaya musu sunansu da amfaninsu. A sa musu kukan tsuntsayen da Anti ta ce. A sa muryar manomi ya faɗi nasa. In mun hau motar zagaye kuwa, wayoyi su koma jaka, jagora ya karɓi aikinsa. Na kogo da rijiyoyi kuma sai in ga abin da hukumar gandun za ta ce, don ba zan ɗauki murya ko hoto a wurinsu ba tare da izini ba.

Ɗan Dosso: In da jagororin wurin za a naɗa, da sunansu, a kuma biya su, to na rage adawa. Ban janye duka ba.

Injiniya: Ni har yanzu ina ganin a ɗora shi a manhaja mai GPS, ko don masu zuwa da motarsu ba tare da malami ba. Amma a fara da na Malam a gani. Naɗin ma ba ya son kayan tsada. Waya mai kyau, ɗaki mai labule da katifa don kada murya ta yi amsa-kuwwa, a kashe fanka, a nisanci janareta. Ni zan gyara sautin kyauta.

Maman Khalil: A tuna da ƙanena don Allah. In an ce ga gwanki, a faɗi tsayinsa, da yadda ƙahonsa ya lanƙwasa baya, da baƙi da farin da ke fuskarsa. Kada a tsaya a duba can. Kuma in ana neman wanda zai saurara ya ce an siffanta ko ba a siffanta ba, shi ne gwaninku.

Malam Jogurafi: An gama Hajiya, turo min lambarsa ta akwatin sirri. Baba, in ka amince mu zo gida ranar Asabar bayan la'asar da ni da Injiniya, mu fara da bayanin carki da sawun giwa.

Tsohon Ɗan Gandu: Ku zo, amma ba Asabar ba, akwai ɗaurin aure a unguwa, ba za ku ji komai ba sai maroƙa. Ku bari sai Lahadi da hantsi. Kuma ku ja wa yaran kunne tun yanzu, a sansanin Wikki kada wanda ya riƙe leda a hannu ko ya bar tagar mota a buɗe. Biran wurin sun san ledar burodi sarai, kuma ba sa jin tsoron ɗan makaranta.

Baban Ummi: Malam, akwai sauran kujera a motar? Zan biya kuɗin mai na, kuma na yi alkawarin zama a baya in kwace duk iyafis ɗin da na gani.